Taswira biyu na sayo a Taminus, kowace da inda ta ajiye Bakassi

Taswirar da ke rataye a ajinmu ta girmi wasu daga cikin malaman makarantar. Jihohi 30 ne a kanta. Lafiya da Keffi da Akwanga duk suna cikin Filato, Gombe tana ƙarƙashin Bauchi, Zamfara ko labarinta babu. Kusurwar ƙasa ta hannun dama kuma gara ta daɗe da yin kalaci da ita, tun daga Kalaba har teku. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a nan Jos ta Arewa, na gaji da ce wa yara "ku ɗauka a nan akwai layi". Da aka dawo hutu na ce ko da kuɗin aljihuna ne sai na sauya ta.

Shagon yana kan titin Ahmadu Bello, ɗan gaba kaɗan da Taminus, cikin jerin masu sayar da littattafai da kayan makaranta. Ba zan kama suna ba, don ina da ƙorafi, mai shagon kuma dattijo ne mai fara'a, ba na so in ɓata masa kasuwa a kan abin da ba shi ya buga ba. Iri biyu na tarar. Akwai ta naira 3,500, takarda mai sheƙi, an jera hotunan shugabannin ƙasa a gefenta tun daga Tafawa Ɓalewa. Akwai kuma ta naira 11,000, an lulluɓe ta da leda mai kauri, da sanda sama da ƙasa da igiyar ratayewa. Yaron shagon ya so in biya kafin a warware, wai in an buɗe ba ta naɗuwa daidai. Na ce masa ko atamfa ake saye ai sai an baje ta. Mai shagon ya jiyo mu daga ciki ya ce, "Kai, buɗe wa Malam ya duba, ai su ne masu abin." Aka share teburin da ake jera alƙaluma aka shimfiɗa su.

Ni in zan gwada taswirar Najeriya wuri uku nake kai yatsa. Na farko gida, in ga ko an rubuta Pankshin da Shendam da Langtang da Wase daidai. Na biyu Tafkin Chadi. Na uku Bakassi. A gida duk biyun sun yi ƙoƙari, sai dai mai tsadar ta rubuta "Pankshim", abin da har yau yake yi mini ƙaiƙayi in na ɗaga kai. A tafki mai arahar ta zuba shuɗi har ya cika kusurwa, kamar muna shekarun 1960 kafin ruwan ya ja baya. Mai tsadar ta zana tsohon bakin tafkin da ɗigo-ɗigo, ta bar ruwan da ya rage a ciki, wanda shi ne daidai.

A Bakassi ne suka raba gari. Mai arahar ta shafa mata launin Kuros Riba, ta kai layin iyaka can gabas da ita, ta rubuta sunan da manyan baƙaƙe, har ya fi na Kalaba girma. Mai tsadar ta bi da layin ta kogin Akwayafe, duk abin da ke gabas da shi ta bar shi fari fat tare da Kamaru, ko sunan ba ta sa ba. Na juya mai arahar ciki da bai ina neman shekarar bugu ko sunan maɗaba'a, babu ko ɗaya. Babu ma'auni ma, ba yadda za ka auna nisan Jos da Bauchi a kanta. Na ce da mai shagon, "Alhaji, wannan ai ta ba mu abin da kotu ta karɓe." Ya yi dariya ya ce ita ce ta fi tafiya, makarantun firamare dozin-dozin suke ɗauka. Daga ƙarshe na sayi duka biyun, ya yi mini ragin naira 1,000. Niyyata in rataye mai tsadar, ita kuma ɗayar in riƙa nuna wa yara yadda ake gane taswirar da ba a dogara da ita.

Dabarar tawa ba ta kai mako ba. Ranar Talata wata yarinya 'yar aji biyar, irin masu zaman gaba ɗin nan da ba sa barin komai ya wuce, ta tsaya a gaban mai tsadar tana karanta jadawalin da ke ƙasanta, inda aka jera jihohi da ƙananan hukumominsu 774. Ta ce, "Malam, ga Bakassi a lissafin Kuros Riba, cikin guda 18, amma babu ita a zane. Wanne ne kuskure?" Na zo na duba, haka ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne babu kuskure ko ɗaya. Zanen ya bi hukuncin Kotun Duniya, jadawalin kuma ya bi tsarin mulkin 1999, wanda har yau sunan Bakassi yana cikin jerin ƙananan hukumominsa. Ƙaramar hukumar tana nan, tana da shugaba, tana karɓar kasonta daga Abuja. Ƙasar da aka ƙirƙire ta a kai a 1996, zamanin Abacha, da hedikwata a Abana, ita ce take hannun Kamaru. Abin da ake kira Bakassi yanzu a ɓangarenmu yanki ne da aka yanko daga Akpabuyo, wajen Ikang. Darasin da na shirya kan duwatsun Filato ya tashi a ranar, muka cinye minti arba'in a wannan kusurwa.

Kusurwar kuwa ba ta da wani girma. Ma'aunin mai tsadar 1:1,500,000 ne, wato santimita ɗaya a takarda kilomita 15 ne a ƙasa. Bakassi wajen murabba'in kilomita 665 ce, Najeriya kuma 923,768. Na sa yarinyar ta ɗora babban yatsanta a wurin, ya rufe shi ruf. Mu a Hausa tsibirin Bakassi muke cewa, amma ainihi zirin ƙasa ne da ya kutsa cikin teku, tsakanin bakin kogin Kuros ta yamma da mashigin Rio del Rey ta gabas, ƙoramu sun yayyanka shi gunduwa-gunduwa. Yawancinsa fadama ce ta ruwan gishiri, cike da itatuwan nan masu tsayuwa a kan saiwoyinsu kamar an ɗaga su da ƙafafu. Mazaunansa masunta ne, Efik da Ibibiyo da mutanen Oron da danginsu. Arzikinsa kifi da jatan lande, sai kuma man fetur da ake kyautata zaton yana ƙarƙashin ruwan da ke kewaye. Wannan na ƙarshen shi ya sa manya suka damu da wurin.

Yadda na san kamannin wurin ba daga littafi ba ne, daga bakin Kawu ne, ƙanin mahaifiyarmu, tsohon soja da ya yi ritaya yana zaune a Rikkos. An tura su can a 1996. Ranar Asabar na naɗe taswirorin biyu na kai masa, na tarar da shi a ƙofar gida yana shan hantsi cikin rigar sanyi. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon mai tsadar, sannan ya ce, "Ina Abana? Ina Atabong?" Na ce babu, Kawu, ko da an sa ma da wasu sunayen za a sa, Kamaru Jabane take ce wa Abana, Atabong ta Gabas kuma Idabato. Ya ture ta gefe ya jawo mai arahar. "Yauwa. Wannan ita ce ta mutanen kirki."

Ya ce shi da ya tashi a kan dutse, abin da ya fara ba shi tsoro ba harsashi ba ne, ƙasar ce. Da safe ka ga fili, ka kafa tukunya, kafin azahar ruwa ya taso ya shafe wurin, da yamma ya koma ya bar laka mai kama takalmi har gwiwa. Sau biyu a yini ruwan yake wannan zuwa da komawa. Ga ruwa ko'ina amma ba na sha, sai an kawo a jarka cikin kwalekwale, ko a tari na sama. Gidaje a kan turaku, ko'ina warin hayaƙin bandar kifi, har kakinsa ya dawo Jos da shi. Sauro kuwa ya ce na Jos almajirai ne. Abin da ya fi nanatawa shi ne naira ake kashewa a wurin, mutanen kuma in za su kai kifi kasuwa Ikang da Oron da Kalaba suke nufa. "To ka gaya mini, malamin takarda, ƙasar wa ce?"

Sai ya kawo maganar da kowa ke kawowa, musamman a nan Filato inda mai sunan ɗan gida ne: wai Gowon ne ya ba shugaban Kamaru Ahidjo Bakassi tukuicin taimakon da ya yi mana a yaƙin basasa. Na ce, Kawu, a yi wa dattijon nan adalci. Gaskiya ne shi da Ahmadu Ahidjo sun sa hannu a wata sanarwa a Marwa ranar 1 ga Yuni 1975, kan iyakar ruwa, wata biyu bai cika ba aka hamɓarar da shi yana taro a Kampala. Amma takardar da ta kai Bakassi wancan ɓangaren ta girme shi da shekara 21. Ranar 11 ga Maris 1913 Ingila da Jamus suka yi yarjejeniya cewa iyakar Najeriya da Kamarun Jamus za ta bi kogin Akwayafe zuwa teku. An haifi Gowon a 1934.

Najeriya ba ta je kotu hannu rabbana ba, tana da hujja, kuma ni har yau hujjar tana yi mini daɗin ji. A ranar 10 ga Satumba 1884 sarakunan Tsohuwar Kalaba suka ƙulla yarjejeniyar kariya da Ingila. Kariya suka nema, ba sayarwa suka yi ba. Lauyoyinmu suka ce wanda aka ba ajiya ba ya kyauta da ita, don haka Ingila ba ta da ikon miƙa wa Jamus ƙasar Efik. Suka ƙara da cewa mutanenmu ne a wurin, mu ke karɓar haraji, mu muka gina makaranta da ɗakin shan magani. Kotun Duniya da ke Heg ta ce a dokar wancan zamanin irin wannan yarjejeniya mallaka take bayarwa, kuma daɗewa a wuri ba ya kashe takardar wani. Ranar 10 ga Oktoba 2002 ta yanke cewa Bakassi ta Kamaru ce, bayan shekara takwas ana shari'a, don tun 29 ga Maris 1994 Kamaru ta shigar da ƙara. Kafin nan an sha zubar da jini: a watan Mayun 1981, zamanin Shagari, an kashe sojojinmu biyar, a ƙarshen 1993 kuma Abacha ya tura dakaru, aka yi ta gwabzawa jefi-jefi har zuwa lokacin su Kawu.

Kawu ya ce alƙalin Bafaranshe ne, me ake jira. Shugaban kotun a lokacin Bafaranshe ne, wannan haka yake. Amma na tuna masa wani abu da mu 'yan Arewa muke saurin mantawa. Da aka ci Jamus a yaƙin duniya na farko, Ingila da Faransa suka raba Kamaru. Rabon Ingila kashi biyu ne, na arewa da na kudu, Bakassi kuma a na kudun aka lissafa ta. A watan Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama. Na kudu suka zaɓi Kamaru. Na arewa suka zaɓi Najeriya, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna. Mubi da Gwoza da Ganye da Gembu duk ta wannan ƙofar suka shigo. Na ɗora masa yatsa a kan tsaunin Mambila na ce, Kawu, ƙuri'ar da ta fitar da waccan ita ta kawo wannan. In aka ce a kwance ƙullin Turawa, ba Bakassi kaɗai za ta motsa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce shayina zai huce.

Wani abin da taswirorin biyu duk suka yi shiru a kai, kuma ya fi kusa da mu 'yan Arewa, shi ne Darak, a yankin Tafkin Chadi. Hukuncin 2002 ba na Bakassi kaɗai ba ne, iyakar ce gaba ɗaya tun daga tafki har teku, kusan kilomita 2,000. Da Tafkin Chadi ya riƙa janyewa, masunta suka riƙa bin ruwan, cikinsu har da Hausawa da yawa, suna kafa ƙauyuka a busasshen gindin tafki, hukumomin Borno kuma suka bi su. Ashe an tsallaka layi. A watan Disamban 2003 Najeriya ta miƙa wa Kamaru ƙauyuka sama da 30 a wannan yanki. Ban taɓa jin an yi waƙar Darak a gidan rediyo yadda aka yi ta Bakassi ba, alhali can ma mutane ne suka kwana a wata ƙasa suka tashi a wata.

Sauran labarin gajere ne a takarda. Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree, kusa da birnin Niyok, ranar 12 ga Yuni 2006, a gaban Kofi Annan, da shaidu daga Amurka da Ingila da Faransa da Jamus. Sojojinmu suka janye a watan Agustan shekarar. A Nuwamban 2007 Majalisar Dattawa ta ce ba da yawunta ba, tunda sashe na 12 na tsarin mulki ya ce sai majalisa ta mayar da yarjejeniya doka kafin ta yi aiki a gida. Duk da haka ranar 14 ga Agusta 2008, zamanin 'Yar'aduwa, aka yi bikin miƙawa a Kalaba. Dokar kotun ta ba da shekara goma a nemi sake duba hukunci in an samu sabuwar hujja, wa'adin ya cika a Oktoban 2012, gwamnatin Jonathan ta ce ba za ta nema ba. A shekarar ce kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Akwa Ibom rijiyoyin mai 76, bisa cewa Kuros Riba ba ta da bakin teku tunda Bakassi ta tafi. A Agustan 2013 wa'adin riƙon ƙwarya na shekara biyar ya ƙare, Kamaru ta karɓi cikakken iko, yankin yana cikin gundumar Ndian a lardinta na Kudu maso Yamma.

A wajen mutanen labarin bai gajarta ba. Yarjejeniyar ta ce Kamaru ba za ta kori kowa ba, ba za ta tilasta wa kowa sauya ƙasa ba, za ta bar su da harshensu da sana'arsu. Amma wanda ya zauna ya riƙe zamansa ɗan Najeriya ya koma baƙo a garin da aka binne kakansa, ga jandarmomi ga haraji. Waɗanda suka taso kuma aka sauke da yawansu a kan tudu a Akpabuyo, masunci ba ruwa. Mu a Jos ba sai an yi mana dogon bayani ba kan abin da layi a takarda da tambayar "ɗan ina ne kai" suke iya jawowa. Zan bar wannan a nan.

To, wacce za a saya? Mai tsadar, ba tantama, in don koyarwa ne ko ofis. Tana da shekarar bugu, tana da ma'auni, layukanta na iyaka sun bi inda doka ta ajiye su, leda kuma tana karɓar alƙalamin allo a goge. Amma kuɗinta ya fi aikinta. Ledar tana ƙyalli, in rana ta shigo ta taga 'yan layin baya ba sa ganin komai daga Binuwai zuwa ƙasa. Sunayen koguna an buga su da shuɗi mai haske ƙanana ƙwarai, Akwayafe sai da na sa fitilar waya na gano shi. Igiyar ratayewar ta tsinke a kwana na uku, na maye ta da wayar lantarki. Babban laifinta a wurina shi ne rowar bayani. Wanda ya iya jera ƙananan hukumomi 774 bai kamata ya gaza layi biyu a ƙasa ba, ya ce wannan suna yana cikin tsarin mulki amma ƙasar tana Kamaru tun 2008. Ga fili fari a cikin teku inda za a iya faɗaɗa kusurwar a ƙaramin akwati, an bar shi an zana jirgin ruwa. Na yanki farar takarda na rubuta bayanin da hannuna na manna a wurin jirgin.

Mai arahar kuwa, araha ba ta ado. Launinta ya fara zuba tun ranar da na sayo ta, don an ɗan yi yayyafi ina cikin Keke Napep, shagon kuma ba su da kwalin saka taswira, da robar ɗaure kuɗi kawai suka naɗe mini. Wanda zai je ya tafi da babbar leda. Su kuma masu firamaren da ke ɗauka dozin-dozin, ku sani yaranku za su iso wurinmu da Bakassi a Kuros Riba da tafki cike da ruwa, mu ne za mu sha wahalar kankarewa.

Shagon kansa ba laifi. Ana ciniki, ana karɓar tiransifa, mai shi yana sauraron ƙorafi ko da ba zai iya gyarawa ba. Ba sa karɓar kaya in an fita da su, don haka a baje a duba tun a can, kada a biye wa yaron. Na tambayi taswirar Filato mai ƙananan hukumomi 17, ya ce ta ƙare, in leƙo ƙarshen wata. Na leƙa sau biyu, ba ta zo ba.

Mai arahar ma ba ta dawo makaranta ba. Kawu ya riƙe ta, ya ce in cire kuɗin a cikin goron sallar da zan kawo masa. Ya kafe ta da ƙusa huɗu a falonsa, kusa da hotonsa na kaki, ya sa biro ya ɗiga wani wuri a bakin ruwa ya rubuta Abana. Na duba, ya kauce da kusan kilomita goma, amma tunda taswirar ba ta da ma'auni ban iya tabbatar masa ba.